Awon Asuba

A Iten, tun zakara bai yi cara ba,
Jelagat kan cire takalmi, ta cire har 'yan kunne,
ta hau sikelin da Kipsoi ya girke a bakin ƙofa.
Allura ta yi rawa, ta tsaya.
Arba'in da bakwai.
"Saura biyu," in ji shi, kansa na kan littafi.

Biyun nan, daga ina za a yanko su?
Tuwon masara ya koma rabin loma,
shayi ya rabu da sukari.
Ta ce wa cikinta: haƙuri, sai bayan gasa.

Ran Alhamis, a hawan jar ƙasa,
ƙwaurinta ya ce ƙas,
kamar busasshen kara.
Ranar ce allura ta tsaya kan arba'in da biyar cif.

Kakarta ba ta san lamba ba.
Ta girgiza goran nono mai ƙamshin gawayi,
ta tsiyaya har ya zube.
"Ko barewa sai ta yi kiwo take gudu.
Iska ba ta da nauyi,
wa ya taɓa rataya mata zinare?
Sha."

Sikelin yana kasuwa yanzu.
Dankali ake aunawa.