Ƙofar Tsintsiya

Kwana tara ya rage mu bar Jidda,
ni da Barsu.
Karya ce, amma tun da ciwon suga ya cinye idanuna
ba ta taɓa yi mini ƙarya ba:
in ta tsaya cik, rami ne,
in ta karkata hagu, wani ya sake tare hanya da mota.

A saman benenmu na Hindawiyya
Rumasa'u ta gina mana filin jirgi.
Tsakanin sandunan shanya biyu ta gicciye tsintsiya,
ta ce ga ƙofar bincike.
Ludayin miya ne na'urarta.
Ta ƙara wa muryarta kauri, ta ce, Ɗaga hannu, Alhaji,
ta bi jikina da ludayi tana ƙara da baki,
ni kuwa ina jin ƙanshin kukar jiya
yana zagaya haƙarƙarina.

Sai ta juya kan Barsu.
Taɓa kunne, taɓa wuya,
cusa yatsu ƙarƙashin ɗamara,
don gobe in baƙon hannu ya sauka a kanta
kada ta ɗauka faɗa ne.
Mun kunna injin markaɗe a madadin rugugin tashi.
Ranar farko ta ɓuya bayan tankin ruwa,
ranar huɗu hamma ta yi.
Ta koyi naɗewa kamar tabarma a gindin ƙafafuna,
wutsiya a ciki, saboda keken masu rabon abinci.
Ran tafiya babu kalaci, ruwa ma sai kurɓi:
za ta yi mini azumin da ba a wajabta mata ba.

Ta fi ni takardu.
Allurar haukan kare, hatimin likita,
lamba kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata.
Ni da aka yanke wa cibiya a garin nan,
shekara hamsin da shida,
kati ɗaya gare ni, shi ma ya kusa mutuwa.
Gusau za mu, garin kakana,
wanda ban gani ba ina da ido.

Baba Tanimu ya leƙo ta katanga.
Kare a jirgin da ke ɗaukar alhazai?
Wanki bakwai fa, har da ƙasa!
Na ce, Baba, na wanke, zan kuma wanke,
ƙasa ba ta ƙare ba.
Sau biyar take kai ni ƙofar masallaci
ta koma can nesa da takalma ta kwanta.
Ban tambaye shi sau nawa ya kama hannuna ba.
Na haɗiye, maƙwabci ne.

Abu ɗaya ya rage.
A bakin ƙofar, sai na ce mata, Zauna,
in saki ragama,
in yi taku uku ni kaɗai,
sannan in juyo in kira ta.
Ita ta iya tun kwana na biyu.
Takan zauna, ina jin numfashinta a bayana,
ba ta ko motsa farce.
Ni ne hannuna ke ƙin buɗewa.
Taku uku ne, na sani, na ƙirga,
amma babu rijiyar da ta kai su zurfi.

Yau ma bayan isha'i mun hau.
Iskar teku ta kawo gishiri da ƙarar wani jirgi.
Rumasa'u, wadda ba ta cikin tikitin,
ta tsaya ƙetaren tsintsiya da ludayinta.
Na ce, Zauna. Na saki.
Ɗaya. Biyu.
A na uku na yi karo da ma'aikaciyar bincike,
ta manta da kaurin murya,
ta manta da ƙarar na'ura,
ta riƙe rigata ta daɗe.

Sannan ta ce, Wuce, Baba, ba ka ɗauke da komai.
Na juya, na kira Barsu.