La'asar a Haj Yusuf

Mu tara ne a motar, ban da direba,
Mu'utasim ɗan jagora yana ƙirga mu kamar awakin kiwo.
Ya ce: ruwa a hannu, kuɗi a aljihun gaba,
wanda ya ɓata ya jira mu wurin mai shayi.
Muka haye gada, Nilu na tafiyarsa bai ɗago ya dube mu ba.

Fage ne kewayayye, yashi a tsakiya,
mutum kan mutum har bisa katanga.
An ba mu benci a inuwa don mun biya;
na ji nauyi, amma na zauna.
Wata ta miƙo mini zoɓo, a nan karkade suke ce masa,
suna ne ya sauya, tsamin yana nan.

Kuku ya fara fitowa,
toka a kafaɗa, wuya kamar turmi,
ya duƙa ya ɗebi yashi ya murtsuka.
Tiya ya biyo baya, dogo, ba nama,
ka ce iska za ta riga Kuku kayar da shi.
Mu'utasim na ta bayani da Turanci,
ga doka, ga maki, ga abin da alƙali ke nufi da usur.
Na bar masa kunne ɗaya.
Ni ɗan Nomau ne, wanda ya yi kaka bakwai
bayansa bai san ƙasar Gwadabawa ba.

Kusa da ni wani dattijo daga Japan, Morita,
ya zaro waya ya nuna mini nasu:
ƙatti biyu, kowanne rumbu guda,
gashi a ɗaure, bante a ɗaure,
suna watsa gishiri kafin su gwabza.
Sumo, in ji shi.
Ya nuna gishirin, na nuna tokar,
na kama damtsena inda Baba ke ɗaura kambu.
Iyakar hirarmu ke nan, kuma ta ishe mu.

Suka yi ta zagaye, goshi na neman goshi,
hannu ya kai, hannu ya kaɗe.
Kuku ya gaji da jira, ya afka.
Abin da Tiya ke so ke nan:
ya nutse, ya cafki agara, ya miƙe da ita.
Turmi ya kife.

Ban san na tashi ba.
Ban san bakina ya riƙe kirarin Baba ba
sai da na ji shi yana fita, tsaf, shekara talatin bayan an rufe shi:
Gatari ba ka gaisuwa da kututture!
Ta bayana wata murya ta ce, da Hausa mai ƙanshin Larabci:
"Bawan Allah, daga wane gari?"
Kakansa, in ji shi, ya taso Makka a ƙafa,
guzuri ya ƙare a nan, aure ya fara.

An ɗauki Tiya a kafaɗa, ana manna masa kuɗi a goshi.
Ni Kuku nake kallo.
Ya zauna inda ya faɗi, yana kaɗe yashi daga kunne
a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Haka Baba ya yi a kaka ta takwas.
Ya dawo gida, ya rataye kambu, ya nemi fartanya,
bai ƙara tayar da zancen ba.

Morita ya miƙe, ya haɗa ƙafafu,
ya rusuna wa wanda aka kayar.
Ba wanda ya gani sai ni.

Da magariba Mu'utasim ya ƙirga, ya samu takwas.
Ina can wurin mai shayi da jikan mahajjaci,
yana tambayata ko har yanzu ana cin kasuwa a garin kakansa
ranar Lahadi.