Farin Allo

Ni mai fenti ne a Garwa.
Rabin shagunan hanyar gada, hannuna ne a goshinsu.
Wata Laraba aka kawo mini allon ƙarfe, kamu huɗu,
aka ce kafa shi kan tudu, shafa masa fari tukuna,
sunan sabuwar unguwa na nan tafe.

Na shafa. Ya bushe. Suna bai zo ba.

An zauna a rumfar Jauro bayan la'asar.
Tanimu mai goro ya ce a sa Hausare ta Biyu,
wa ya riga mu kafa rumfa a nan?
Hamajoda ya ja carbi, ya ce sannu da rumfa,
shanun kakana ne suka taka wannan fili,
kashinsu gyaɗarka ke ci har yau.
Wani tsoho daga Fali, da ba a tambaya ba,
ya ɗaga sanda ya nuna dutsen Tingilin:
kafin shanun fa?
Aka yi tsit. Aka ce a zuba shayi.

Malama Maiwore ta makarantar boko ta miƙe,
ta ce ku bar mutane, ku dubi ƙasa,
ga tsamiya, ga rafi, ga tudu.
Tudu bai taɓa haihuwa ba,
balle ya ce ɗan wane ba nasa ba ne.

Maganar ta shige ni,
har na jiƙa buroshi a zuci.
Sai na tuna ubana,
ranar da motar kaya ta sauke shi da dare,
ba Fillanci, ba Faransanci, ba ko sisi,
kalma ɗaya tak a bakinsa: Hausare.
Ita ta ja shi har gaban tabarma da tuwo.
Da Gindin Tsamiya aka ce masa,
wace tsamiya? Gari cike yake da su.
Ita ma tsamiyar Malama,
masu hanya sun riga sun shafa mata jan fenti,
rafin kuwa wata uku yake rafi,
sauran shekara yashi ne da sawun jakuna.

To amma a Hausaren nan aka yanke cibiyar Jonwe,
ɗan mai ɗinkin raga.
Furfura ta fito masa,
har yau in ya ce nan ne gida
sai a ce, to, kai baƙon wa?
Suna ƙofa ce.
Wanda ta buɗe wa ba ya jin ƙarar sakata.

Ana cikin haka Agusta ta yi tsakiya.
Binuwai ba ta yi makaranta ba,
ba ta karanta allon kowa.
Ta shiga ɗakin Tanimu ta jiƙa huhun goro,
ta ɗauki maruƙan Hamajoda biyu,
ta kwashe littattafan Malama.
Kwalekwalen Jonwe ya yi ta jigila har asuba,
bai tambayi kowa yarensa ba,
yana zube mu kan tudu, gindin ƙarfen nan nawa.
Masu agaji suka bugo waya: kuna ina?
Wata yarinya ta ɗaga kai, ta ce,
muna Farin Allo.

Yanzu je ka tasha ka ji masu mashin:
Farin Allo, sefa ɗari biyu!
Jiya har wasiƙa ta zo da shi daga Yawunde.

Yau Jauro ya aiko,
wai dattawa sun daidaita, in rubuta shi da manyan baƙaƙe.
Ga ni kan tsani da gwangwanin baƙin fenti.
In na rubuta Farin Allo,
allon ya daina zama fari.
Buroshi na ɗiga a kan takalmina.
Cikon kuɗina ma ba a biya ba.