Gwaji

A bangon rumfar Tasi'u mai shayi
wani ya manna takarda, gefen tallar maganin basir:
Odishin. Ranar Asabar. Titin Gidan Zu, bene na biyu.
Sau uku na karanta, kalmar ta ƙi zama a bakina,
kamar maɓallin da ya fi ƙofarsa girma.

Na kai wa Inna Gambo labari.
Ta ce, mene ne kuma odishin, ciwo ne?
Na ce gwaji ne, Inna.
Ta ce gwajin jini? Wa ya ce ba ka da lafiya?
Na ce mutum ɗin za a gwada, ɗungurungum.
Ta ajiye faifai, ta ƙare mini kallo:
Kai da kake gwada mutane tun kana sha biyu,
yau kai za a ɗora wa tef?

Da gaskiyarta. Ni tela ne a Yakasai.
Na san gwaji: wuya sha shida, hannu ashirin da huɗu.
Na san mai tumbin da ke riƙe numfashi
don in rage masa inci biyu a littafi.
Tef ba ya ƙarya, mai riga ne ke yi.

Asabar ta same mu mun fi ɗari a kan matakala,
kowa ya sha turare, kowa na haddar fuskarsa a waya.
Wani mai ƙaho biyu a hula ya ce ba gwaji ake cewa ba,
tantancewa ce.
Na tuna Inna da wakenta:
mai ƙwari gefe, tsakuwa gefe,
ba ta taɓa tambayar tsakuwa daga ina ta taso ba.
Wata 'yar jami'a mai tabarau ta ce,
can inda aka raɗa wa kalmar suna
sauraro take nufi, a kasa maka kunne.
Wannan fassarar na ninke na sa a aljihu.

Arba'in da bakwai! in ji Rahinatu mai rajista.
Ɗaki mai fanka ɗaya, kyamara kan ƙafa uku,
Darakta Jazuli na ɓare gyaɗa.
Bai ɗago ba ya ce:
Shagonka ya ƙone, komai ya tafi. Yi mana mu gani.

Bai sani ba.
Shekara huɗu ke nan, daren jajiberin ƙaramar sallah,
wayar lantarki ta cinye mini shago,
keke biyu, shaddar mutum talatin da ɗaya.
Abin da na yi a ranar shi na yi masa.
Na tsuguna.
Na ɗauki almakashin da ba ya nan,
na hure masa toka,
na shafa bakinsa da ɗan yatsa.
Ban ce uffan ba.

Fanka ta zaga, ta sake zagawa.

Ya ce, malam, da gani ba ka taɓa asara ba.
Ina kuka? Ina birgima? Na gaba!

Har na kai ƙofa idona ya faɗa kan kafaɗarsa.
Na ce, ranka ya daɗe, wa ya yi maka wannan ɗinki?
Kafaɗa ta zame, wuya ya shaƙe ka.
Ya taɓa wuyan, ya ce, wallahi tun safe nake fama.
Tef ɗina ba ya barin aljihu.
Ya miƙe, ya buɗe hannuwa kamar shanya,
'yan layi na leƙe ta taga.
Na zagaya tef a cikinsa, na jira.
Na ce, saki numfashin, darakta.

Da magariba Inna ta ce, to, an gwada?
Na ce an gwada.
Ta ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka ci?
Na ajiye yadi biyar a kan tabarma.
Na ce Laraba zai aiko a karɓa.