Kwatar Nikosiya

Jikata Kallisti ta dawo daga Burasal
da jaka cike da takardu, da baki cike da Turai.
Ta ce, "Kaka, ka san da me Faransa da Jamus suka fara?
Ba da runguma ba. Da kwal da ƙarfe.
Suka haɗa kayan ƙira a maƙera ɗaya
don kada wani ya hura wuta ɗayan bai ji zafi ba."

Na ce, yarinya, zauna, gahawarki na hucewa.
Su da kwal suka fara?
Mu sai da muka gangara ƙasa da haka.
Da kwata muka fara.

Bayan an tsaga garin nan kamar gurasa,
an jera ganguna, an ɗinke su da waya mai ƙaya,
titin da nake sayen takalmi ya koma gidan kyanwa da ciyawa,
sai ruwan sama ya sauko, bai nemi iznin soja ba.
An shimfiɗa bututu rabi, yaƙi ya cinye rabi.
Wari ya tashi.
Wari kuwa ba ya jin Girkanci, ba ya jin Turkanci,
hanci kawai ya sani.

Haka aka tura ni cikin rami da fitila a goshi.
Na yi rarrafe ƙarƙashin iyaka
har na yi karo da wata fitila.
Hudaverdi sunansa. Gashin baki kamar buroshin fenti,
guduma a hannu, tsoro a ido, irin nawa sak.
A sama, soja mai shuɗiyar hula yana duba agogo.
A ƙasa, ya ce min, "Riƙe nan."
Na riƙe.

Ba mu yi zancen wa ya fara harbi ba.
Na san gidan ubana na bayansa, da itacen lemo a tsakar gida.
Ya san garkar uwarsa na bayana.
Muka bar su can, muka ɗaure noti.
Da azahar ya ɓanta min cuku,
muka yi gardamar sunan gahawa:
ya ce ta Turkiyya, na ce ta Girka,
ɗacin dai ɗaya.

Shekara ashirin da shida muna haka.
Manya na zuwa otal su zauna, su tashi, su yi hoto, su ɓata.
Tuta ta hau, tuta ta sauka.
Bututun nan bai taɓa yin yaji ba,
don duk wanda ya toshe shi
a ɗakinsa zai fara shaƙa.

To ki rubuta a takardarki:
abin da za a ƙulla, a ƙulla shi inda yankewa za ta ciji kowa.
Ruwa, lantarki, maganin sauro, lambar motar asibiti.
A bar tuta ta zo daga baya, idan ta ga dama.

Amma kada ki ce na ce ya isa.
Turan taku ta shigo tsibirin nan, ta tsaya a rabin ɗaki.
Da Hudaverdi ya rasu, sai da na nuna kati a shinge
kafin a bar ni in taka bayan makararsa,
tafiyar da a ƙarƙashin ƙasa minti bakwai ce.
Matarsa ta ba ni lemo uku a leda.
Ban tambayi itacen ba.

Zumunci a ƙafa yake, in ji masu magana.
Namu a gwiwa yake, cikin laka.
Ɗauko min sandata, Kallisti.
Akwai wani murfin rami kusa da ganguna,
in kin kara kunne da dare
za ki ji garin yana tafiya tare.