Rumbu ko Yaron Gida

Shekara ashirin da biyu ina ɗaukar bikin mutane
daga Bagalam har bakin Gulbi:
suna, ɗaurin aure, saukar karatu, dawowar alhazai.
Duk suna kwance cikin faifai tara a kwalin sabulu,
ƙarƙashin gadona, inda ɓera ke yawon dare.

Ran Talata faifai na huɗu ya yi ƙara,
ƙas, ƙas, ƙas, kamar tsaka a bango,
sai ya yi shiru.
Shekara uku ta bi shi.

Na hau babur zuwa shagon Barmu a bayan kasuwa.
Ya ture wayoyi gefe, ya ɗora abu biyu kan tebur.

Wannan, in ji shi, saba ce.
Ba ta fi burodi girma ba, amma yaron gida ce mai wayo:
ta ajiye, ta jera,
ta rage wa bidiyo nauyi
ta kai shi wayar ɗiyarka a Damagaram.
Sai dai yaro, ka san halinsa,
sai ka koya mishi komai da bakinka,
in ya yi fushi tsakar dare kai za ka tashi lallashi.

Wancan baƙin akwatin kuwa rumbu ne.
Faifai biyu ke cikinsa,
abin da ɗaya ya ji, ɗayan ya haddace.
Ba ya tuƙa tuwo, hatsi kawai yake riƙewa.
Ka haɗa shi da layin gida,
kowa ya ɗebo daga ɗakinsa.

Na tambayi kuɗi.
Sabar kwance ce, jika tamanin.
Rumbun ya ninka, kuma wayam yake zuwa.
Na tambayi wanda ke jure ɗaukewar wuta,
da zafin da ke narka takalmi kan kwalta.
Barmu ya yi dariya: ka fara sayen batir, Nomau.

Tsahiru, ɗan ƙanena, ya ce saba, Baba, saba!
Ni zan kula da ita.
Ya zana mini abubuwa a bayan takardar shayi,
kibiyoyi suna shiga, kibiyoyi suna fita.
Na kusa yarda.
Sai na tuna bayan damina zai tafi karatu Yamai.

Cima na tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.
Ta ce, ran da babu kai,
wanne zan iya buɗewa da hannuna?

Ban amsa ba.

Da la'asar wata dattijuwa ta yi sallama,
da rasit ɗina a ƙullin zane, ya yi laushi kamar ganye.
Tana son muryar mijinta ran sunan autansu,
wurin da ya yi tuntuɓe da tabarma kowa ya yi dariya.
Na duba kwanan watan.
Na sake dubawa.
Faifai na huɗu.
Na ce ta dawo jibi, don bakina ya kasa sauran maganar.

Rumbun na saya.
Barmu ya biyo ni har bakin titi yana cewa
rumbu ma yana cin wuta, gara ma ta san hanyarsa,
ka kai iri wani gida.
Shi ya sa kowane ƙarshen wata
faifai guda ke hawa bayana zuwa Tibiri, wurin yayata,
cikin safa, cikin gwangwanin madara.

Yanzu dare ya raba.
Koriyar fitila na ƙiftawa a kusurwa,
faifai na shida na zuba kansa a ciki.
A allon, wani ango da na raka makabarta bara
yana gyara hula, yana tambayata ko ta zauna.

Sabar tana nan a shagon Barmu.
In na wuce nakan rage gudu.
Jibin dattijuwar kuma gobe ne.