Fayil Daga Gobe

Ƙarfe tara na dare a Samaru,
shagon Tanimu, bayan layin masu faci,
ni da sabar, da fanka mai tarin tsufa,
da shayin da ya huce tun magariba.

An ce da ni aikin minti goma ne:
ɗan ƙarin manhaja zan ɗaura wa sabar
don iyayen yara su ga sakamakon jarrabawa
ba sai sun biya kuɗin mota zuwa Kongo ba.
Minti goma.
Wanda ya faɗa yana gidansa yana minshari.

Na ce harhaɗa. Baƙin allo ya kwararo rubutu
kamar Kubanni a tsakiyar damina,
layi na korar layi, har na fara miƙa,
sai ya tsaya cak.
Ja wur: ban ga laburaren da kake nufi ba.
Na ce yana aljihunka,
da hannuna na sa shi bayan la'asar.
Na nuna masa hanya, ya ce sigar ta tsufa.
Na kawo sabuwa, ya ce ta yi masa ƙuruciya.
Na kawo ta tsaka-tsaki, ya ce ba ni da izini.
Izini!
A injin da ni na goge wa ƙura da gefen rigata.

Aka ɗauke wuta.
Tanimu ya ja igiyar janareta sau bakwai
yana ambaton farashin fetur kamar mai jan carbi.
Muka dawo farko, abin da na gina ya rushe,
datata na zuba kamar gero a ɓulallen buhu.

Na kira Asabe, wadda muka yi aji ɗaya,
yanzu tana can Kwangila tana jan ragamar nata sabobin.
Ta ce, cikin muryar barci:
Kai kullum wutsiyar kuskure kake karantawa.
Hau sama. Ƙarar da ke ƙasa ta 'yan kallo ce,
mai laifin yana layin farko, ya yi shiru.

Na hau. Na wuce ja, na wuce ja,
na wuce gargaɗi ɗari da ba su kashe kowa ba,
can ƙololuwa, ga shi a rakuɓe, ɗan layi guda:
wannan fayil daga gobe ya zo.

Na karanta sau uku. Na tashi Tanimu.
Ya ce ko dai in je in wanke fuska.

Na tambayi sabar: yau nawa ga wata?
Ta ce ɗaya ga Janairu,
a shekarar da ko firamare ban shiga ba.
Ashe duk sanda wuta ta tafi
sai ta mance kwanakin duniya,
ta farka a zamanin da babana ke da baƙin gemu,
duk abin da na miƙa mata
ta ga bai kai lokacin haihuwarsa ba,
ta ƙi karɓa. Ina laifinta?

Da hantsi na je kasuwar Samaru,
teburin Malam Haladu mai gyaran agogo.
Ya ɗora tabarau, ya tona gwangwanin alawa,
ya ciro batir kamar tsohon kwabo.
Ɗari biyar. Ya ce in ba canji in bar shi sai gobe.
Na yi dariyar da ta sa ya kalle ni.

Na sa, na gyara kwanan wata, na ce harhaɗa.
Ta wuce sumul, ko tari babu.
Minti goma cif.

Tanimu ya ce, to ai ka ga,
da ma haka aka faɗa maka tun jiya.